Muryar Mata a Fagen Sulhu: Sharhi a kan Fim ɗin "Pray the Devil Back to Hell"

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. A kan wannan karin magana za a iya ɗora kusan duk ƙoƙarin da ake yi na amfani da rediyo da fim da littafi domin a ji ta bakin mata a sha'anin sulhu da kare haƙƙi. Tun daga watan Oktoba na shekarar 2000, lokacin da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya zartar da ƙuduri mai lamba 1325, wanda ya nemi a riƙa shigar da mata cikin shawarwarin zaman lafiya, ƙungiyoyi da dama suka duƙufa wajen tattara labaran mata da watsa su. Abin da ba a cika tsayawa a tambaya ba shi ne, idan aka ce an bai wa mata murya, wace mace aka zaɓa ta yi magana, wa ya zaɓe ta, kuma wane ɓangare na maganarta ya tsira bayan an tace.

Wannan takarda za ta bi waɗannan tambayoyi ta hanyar nazarin fim guda ɗaya, wato "Pray the Devil Back to Hell", wanda ya fito a shekarar 2008. Gini Reticker ce ta ba da umarni, Abigail Disney ta ɗauki nauyi, dukkansu Amurkawa, kuma tsawonsa minti 72 ne. Fim ne na abin da ya faru a zahiri, babu ƴan wasa a cikinsa. Yana ba da labarin matan Laberiya, Kirista da Musulmi, waɗanda suka haɗa kai a shekarar 2003 suka matsa wa masu riƙe da makamai lamba su zauna teburin sulhu. Ra'ayin da takardar za ta kare shi ne, fim ɗin ya ceto wani tarihi da ya kusa salwanta, amma irin zubin da aka zaɓa masa, na jaruma ɗaya da nasara ɗaya, ya danne muryoyin wasu matan da su ma suke da abin faɗa.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Rikicin Laberiya

Yaƙin basasa na farko ya ɓarke a ƙarshen watan Disamba na 1989, sa'ad da Charles Taylor ya shigo ƙasar da mayaƙansa domin kifar da gwamnatin Samuel Doe. Bayan shekaru na ɓarna da yarjeniyoyin da ba su ɗore ba, an yi zaɓe a 1997, Taylor ya lashe da kimanin kashi 75 cikin 100 na ƙuri'u. Ba a jima ba, a 1999, yaƙi na biyu ya tashi, inda ƙungiyar ƴan tawaye ta LURD ta kunno kai daga arewa, daga baya kuma wata mai suna MODEL ta ɓullo daga kudu maso gabas. An ƙiyasta cewa mutane kusan 250,000 suka rasa rayukansu a yaƙoƙin biyu, an tilasta wa yara ɗaukar bindiga, fyaɗe kuma ya zama ruwan dare.

A ranar 4 ga watan Yuni na 2003 aka buɗe taron sulhu a Akra, babban birnin Gana, ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, wato ECOWAS ko CEDEAO, kuma tsohon shugaban Nijeriya, Janar Abdulsalami Abubakar, shi ne babban mai shiga tsakani. A wannan rana ce Kotun Musamman ta Saliyo ta bayyana tuhumar da take yi wa Taylor, abin da ya sa ya bar taron ya koma gida. Ranar 11 ga Agusta ya sauka daga mulki ya tafi gudun hijira Kalaba a Nijeriya, ranar 18 ga wata kuma aka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya. A zaɓen 2005 Ellen Johnson Sirleaf ta yi nasara, ta zama mace ta farko da aka zaɓa shugabar ƙasa a Afirka.

3.0 Labarin Fim ɗin a Taƙaice

Tauraruwar fim ɗin ita ce Leymah Gbowee, ma'aikaciyar jin ƙai kuma mabiyar cocin Lutheran, wadda ta ce a mafarki aka umarce ta da ta tara matan coci su yi addu'ar zaman lafiya. A wani taro da aka yi a coci, wata ƴar sanda Musulma mai suna Asatu Bah Kenneth ta miƙe ta yi alkawarin tattaro matan Musulmi. Daga nan tafiya ta zama ɗaya: matan Kirista suna matsa wa limaman coci, matan Musulmi suna matsa wa limaman masallaci, domin kowane ɓangare ya ja kunnen shugabannin yaƙin da ke sauraronsa.

Matan suka ɗauki fararen tufafi, suka riƙa zama kullum a wani fili kusa da kasuwar kifi a Monrobiya, kan hanyar da ayarin motocin Taylor ke bi, ko ana rana ko ana ruwa. A ranar 23 ga Afrilu na 2003 Taylor ya yarda ya gana da su, Gbowee ta karanta buƙatunsu, ya kuma yi alkawarin halartar taron sulhu. Wasu daga cikinsu suka tafi Saliyo domin shawo kan shugabannin ƴan tawaye. Da aka buɗe taron Akra, matan suka bi sawu, ƴan gudun hijirar Laberiya da ke Gana suka ƙara musu yawa. Bayan makonni ana jan ƙafa, alhali ana luguden wuta a Monrobiya, sai mata kusan 200 suka zauna a ƙofar zauren taron suka sarƙe hannuwa, suka ce babu mai fita sai an daidaita. Da jami'an tsaro suka zo kama Gbowee, ta yi barazanar tuɓe tufafinta a gabansu, suka ja da baya. Fim ɗin ya ci gaba da nuna rawar da matan suka taka wajen karɓar makamai da rajistar masu zaɓe, ya rufe da nasarar Sirleaf.

4.0 Zubi da Tsari

Babban abin yabo a zubin wannan fim shi ne rashin muryar bayan fage. A yawancin finafinan da Turawa suka shirya a kan yaƙoƙin Afirka, akwai wani mai sharhi da ba a ganin fuskarsa, wanda yake fassara wa mai kallo abin da yake gani, mutanen ƙasar kuwa sai dai a nuno su suna kuka ko suna gudu da kaya a ka. A nan an cire wannan mai sharhi. Matan da suka yi aikin su ne ke magana, kowace tana zaune tana fuskantar kyamara: Gbowee, da Asatu Bah Kenneth, da Vaiba Flomo, da Etweda Cooper, da Etty Weah, da ƴar jarida Janet Johnson Bryant. Inda ake buƙatar kwanan wata ko sunan wuri, sai a rubuta a allo. Wata ta fara zance, wata ta ɗora, wata ta gyara, tamkar yadda mata kan yi idan suna ba da labarin abin da suka gani tare. Wannan dabara ta mayar da su masu bayani da fashin baƙi, matsayin da aka saba keɓe wa janar-janar da jakadu.

Abu na biyu shi ne yadda aka yi da ƙarancin hotuna. Masu shirya fim ɗin sun sha bayyana cewa sun wahala kafin su sami hotunan zanga-zangar matan, domin manyan kafofin labarai na duniya da suka je Monrobiya a 2003 sun fi karkata kyamarorinsu ga samari masu bindiga. Wannan ƙaranci shaida ne a kan yadda ake ƙirƙirar labari. Ɗan jarida yakan ɗauki abin da yake ganin zai ja hankali, kuma mata masu zama a ƙasa suna addu'a ba su kai yaro mai harbi jan hankali ba. Abin da ba a ɗauka ba kuwa ba ya shiga ma'adana, mai rubuta tarihi na gobe ba zai same shi ba. Saboda haka tattaro guntayen hotunan da suka rage, da haɗa su da shaidar baki, shi ne babban aikin da fim ɗin ya yi wa tarihi.

Har ila yau fim ɗin ya nuna cewa matan ba su jira kafofin waje ba. Janet Johnson Bryant tana aiki ne a Radio Veritas, gidan rediyon cocin Katolika, wanda gwamnatin Taylor ta taɓa rufewa a shekarar 2000 tare da Star Radio. Ta rediyo aka riƙa yayata kiran fitowa, a ƙasar da yawancin matan karkara da na kasuwa ba sa karanta jarida. Wato kafin fim ya kai labarin ga duniya, rediyo ce ta kai shi ga matan da suka cika filin.

5.0 Salo da Amfani da Alamu

Ga ɗalibin harshe, abin da ya fi dacewa a lura da shi shi ne yadda matan suka zaɓi kalmomi da alamun da ke da wuyar murƙushewa. Na farko, sun tsaya a kan kalma ɗaya, wato zaman lafiya, suka ƙi ambaton jam'iyya ko neman a sauke wani daga mulki. A ƙarƙashin gwamnatin da ke ɗaure masu suka, wannan taƙaita magana kariya ce. Na biyu, sun gabatar da kansu a matsayin iyaye mata da suka gaji da binne ƴaƴa. Na uku, fararen tufafi da cire kayan ado sun shafe bambancin mai kuɗi da talaka, da na Kirista da Musulma. Hujjar da suka riƙa kafawa wajen haɗa addinan biyu mai sauƙi ce, cewa harsashi ba ya tambayar addinin wanda zai sama. Sunan fim ɗin ma daga harshen addini aka ɗauko shi, ma'anarsa a mayar da Shaiɗan wuta ta hanyar addu'a.

Barazanar tuɓe tufafi a Akra ita ce ƙololuwar fim ɗin, kuma mai kallon da bai san al'adar yankin ba zai iya ɗaukar ta a matsayin fitar hankali kawai. A yawancin al'ummun Afirka ta Yamma, ganin tsiraicin uwa ko dattijuwa da gangan la'ana ce ga namiji. Bahaushe ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, domin ya san nauyin bakin uwa, ya kuma san abin da ake nufi idan aka ce uwa ta ɗaga wa ɗanta nono. Janar Abdulsalami, wanda yake cikin maza ƙalilan da aka ji ta bakinsu a fim ɗin, ya fahimci wannan nauyi, ya mara wa matan baya, ya sa wakilai suka koma zaure.

Sai kuma batun ƙaurace wa shimfiɗar miji, wanda matan suka ayyana domin maza su ma su shiga neman sulhu. A Hausa kalmar "yaji" ta dace da wannan fiye da kowace, tun da asalinta fushin mace ne da barin ɗakin miji, daga baya aka aro ta aka ce yajin aiki. Wannan batu ɗan ƙarami ne a cikin gwagwarmayar, kuma Gbowee da kanta, a littafin tarihin rayuwarta mai suna "Mighty Be Our Powers" na 2011, ta nuna cewa bai yi wani tasiri na zahiri ba, amfaninsa shi ne jawo hankalin ƴan jarida. Duk da haka shi ne abin da jaridun ƙasashen waje suka fi yayatawa. A nan ana iya ganin yadda kafar da ta ɗaga muryar mace take iya zaɓar mafi ƙanƙantar abin da ta faɗa ta mayar da shi kanun labari.

6.0 Giɓin da Fim ɗin ya Bari

6.1 Matan da suka riga fara aikin

Mai kallo zai iya fita da zaton cewa gwagwarmayar matan Laberiya ta faro ne daga mafarkin Gbowee. Tarihi bai nuna haka ba. Tun a 1994 Mary Brownell da abokan aikinta suka kafa ƙungiyar Liberian Women's Initiative, wadda ta riƙa kutsa kai tarukan sulhun yaƙin farko ba tare da gayyata ba. A tsakanin 1996 da 1997 wata mace, Ruth Sando Perry, ita ta shugabanci majalisar riƙon ƙwarya da ta kai ƙasar ga zaɓe. A shekarar 2000 an kafa ƙungiyar MARWOPNET ta matan Laberiya da Saliyo da Gini, wadda ta taimaka wajen sa shugabannin ƙasashen uku su gana a Rabat a farkon 2002, kuma tana cikin waɗanda suka sa hannu a yarjejeniyar Akra a matsayin shaidu. Etweda Cooper, wadda take magana a fim ɗin, jigo ce a ƙungiyar farko, amma ba a ba ta filin warware wannan dogon tarihi ba. Matan da ke cikin zaure suna tsara takardu da matan da ke ƙofar zaure suna tare hanya aiki ɗaya suke yi, sai dai kyamara ta fi son na ƙofa.

6.2 Matan da suka ɗauki bindiga

Fim ɗin ya raba duniya gida biyu, maza masu yaƙi da mata masu neman sulhu. Alƙaluman shirin karɓar makamai na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa daga cikin mutane sama da 100,000 da suka bi ta shirin, fiye da 22,000 mata ne. Wasu sace su aka yi, wasu sun shiga ne domin kare kai ko ramuwa bayan an yi musu fyaɗe, har akwai kwamandoji mata a cikin LURD, irin wadda aka sani da laƙabin Black Diamond. Waɗannan mata ba su dace da hoton uwa mai farin zane ba, don haka ba su sami gurbi ba. Matsalar ɗora haƙƙin magana a kan matsayin uwa ita ce, macen da ba ta shiga wannan siffa ba takan rasa mai sauraronta, alhali ita ce ta fi buƙatar a ji ta bayan yaƙi.

6.3 Harshe da matsayi

Manyan masu ba da labarin duk da Ingilishi suke magana, kuma yawancinsu ma'aikata ne mazauna Monrobiya. Laberiya kuwa tana da ƙabilu 16 da aka saba lissafawa, masu harsuna irin su Kpelle da Bassa da Vai da Mandingo. Matan kasuwa da ƴan gudun hijira, waɗanda su ne suka cika fili suka sha rana, an fi ganinsu a matsayin taro mai waƙa da rawa. Ba laifi ne a shirya fim domin masu kallo na Amurka ba, amma ya kamata a san cewa zaɓen harshe zaɓen mai magana ne.

6.4 Sauran dalilai da abin da ya biyo baya

Domin labari ya yi armashi, an jera al'amura ta yadda za a ga kamar tare ƙofar zaure ce ta haifi yarjejeniya kai tsaye. Akwai wasu dalilai da suka yi aiki a lokaci guda: ƴan tawaye sun yi wa Monrobiya ƙawanya, tuhumar kotu ta raunana Taylor, sojojin Nijeriya na rundunar ECOWAS sun fara sauka a farkon Agusta, Nijeriya kuma ta ba shi mafaka. Ambaton waɗannan ba ya rage darajar abin da matan suka yi, yana dai sanya shi a muhallinsa.

Haka kuma rufe fim da zaɓen Sirleaf ya ba shi ƙarshe irin na tatsuniya, inda komai ya daidaita. Abin da ya biyo baya ya fi haka sarƙaƙiya. Mata sun sami kimanin kashi 14 cikin 100 na kujerun majalisa a 2005, adadin kuma ya ragu a zaɓen 2011. A 2009 Hukumar Gaskiya da Sasantawa ta saka sunan Sirleaf cikin waɗanda ta ba da shawarar a hana su riƙe muƙami na shekara 30, saboda goyon bayan da ta taɓa ba Taylor a farkon yaƙi. A 2011 Gbowee da Sirleaf da Tawakkol Karman ta Yaman suka raba kyautar Nobel ta zaman lafiya, amma a 2012 Gbowee ta ajiye muƙamin da Sirleaf ta ba ta, tana sukar gwamnati da cin hanci da fifita dangi. Taylor, wanda aka kama a Gamborun Ngala a 2006, an yanke masa ɗaurin shekara 50 a 2012 a kan laifukan da aka aikata a Saliyo, ba na Laberiya ba. Sai a 2024 Shugaba Joseph Boakai ya sa hannu a umarnin kafa ofishin da zai shirya kotun laifukan yaƙi. Ba za a zargi fim ɗin 2008 da rashin sanin gaibu ba, amma mai kallonsa a yau wajibi ne ya san cewa matan da aka yi wa fyaɗe ba su sami shari'a a ranar da fim ya ƙare ba.

7.0 Darasi ga Ɗalibin Harshe

Da yawa daga cikin masu nazarin harsunan Afirka sukan ƙare a gidajen rediyo, ko aikin fassara, ko tattara bayanai ga ƙungiyoyi. A irin wannan aiki su ne ke tsakanin mace mai magana da duniya mai sauraro. Idan wata ta yi hira ta minti 30 aka ce a fitar da minti 2, mai tacewa ne zai yanke ko kukanta za a ji ko shawararta. Idan ta yi magana da karin harshen ƙauyensu, mai fassara ne zai yanke ko za a ji ta a matsayin mai hikima ko abar tausayi. Fim ɗin nan ya koyar da abu biyu a wannan fage. Na farko, a bar mai labari ta faɗi labarinta da bakinta, a kuma tambaye ta ra'ayi da dabara, kada a tsaya ga wahalar da ta sha. Na biyu, bayan an gama aiki a sake dubawa a ga wace ce ba ta fito ba, a tambayi dalili.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta duba fim ɗin "Pray the Devil Back to Hell" ta fuskar tarihi da zubi da salo. An ga cewa cire muryar bayan fage da tattaro hotunan da suka kusa ɓacewa sun sa matan Laberiya sun shiga tarihin yarjejeniyar Akra da bakinsu, kuma bayan kyautar da fim ɗin ya ci a bikin finafinai na Tribeca a 2008 da wuya a sake ba da wannan tarihi ba tare da su ba. An kuma ga cewa buƙatar jaruma ɗaya da kyakkyawan ƙarshe ta bar ƙungiyoyin farko, da mata mayaƙa, da matan da ba sa jin Ingilishi a gefe. Saboda haka ya dace a nuna wa ɗalibai wannan fim a matsayin shaida mai ƙarfi daga bakin mata shida, a kuma haɗa musu shi da rahoton Hukumar Gaskiya da Sasantawa na 2009 da tarihin ƙungiyoyin da suka gabata, domin su ji sauran muryoyin da minti 72 bai ɗauka ba.